Tarihin da ke Ƙarƙashin Ƙafar Telolin Nasarawa Gwom

Duk wanda ya ratsa unguwar Nasarawa Gwom a Jos ana gab da Sallah ya san ƙarar keken ɗinki. Ko an ɗauke wuta ba ta tsayawa, domin har yau akwai telolin da ke taka baƙin keken ƙarfe mai zanen ruwan zinare, irin wanda ɗa ke gada wajen uba, yaron shago ya gada wajen maigidansa. Kaɗan ne suka san doguwar hanyar da wannan keke ya biyo kafin ya iso Jos.

A 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya ƙera keke na katako mai ɗinki da zare ɗaya. Teloli suka ga zai raba su da abincinsu, suka far wa shagonsa a birnin Paris, suka farfasa kekunan. A 1846 Elias Howe na Amurka ya yi rajistar dabarar da ake amfani da ita har gobe: allura mai kafa a bakinta, da zare na biyu da ke fitowa daga ƙasa. Isaac Singer ya biyo baya a 1851 da keke mai allura a tsaye, kuma kamfaninsa ya yaɗa shi a duniya ta hanyar sayarwa a biya kaɗan-kaɗan.

Buɗe ƙaramin murfin da ke ƙarƙashin allura, za ka ga hikimar. Allura na kutsawa cikin yadi, ta bar ɗan lanƙwasar zare, ƙugiya ta cafke shi ta zagaya da shi kan kwarkwaro, zaruruwan biyu su sarƙe. Sai haƙoran keke su tura yadin gaba. Ƙafar tela ce ke motsa wannan duka, ta babban wili da igiyar fata. Ɗigon mai da shara kawai yake bukata.

Jos kuwa kuza ce ta buɗe mata ƙofa. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layi daga kudu ya biyo a 1927. Ma'aikata suka cika gari, kantuna suka cika da yadi, aikin ɗinki ya fi ƙarfin allurar hannu. Ɗinkin aska takwas a babbar riga ya zauna wajen gwanayensa, amma kaftani da wando da kayan makaranta suka koma kan keke.

Tsofaffin kekunan Singer da yawa an ƙera su ne a masana'antar Clydebank ta ƙasar Sikotilan, wadda aka rufe a 1980. Harafin K a sunan samfurin, kamar 15K, shi ne shaidar can aka yi shi, lambar da aka buga a gindinsa kuma tana nuna shekarar ƙira. Daga baya Butterfly ta Sin ta mamaye kasuwa, bisa tsarin Singer 15 ɗin nan.

A Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan kekuna, suna gyara su suna adanawa. Mu a nan, da zarar keken lantarki ya shigo shago, sai tsohon ya koma bayan ƙofa, daga nan 'yan gwangwan su auna shi a kilo. Abin takaici ne a garin da ke da gidan tarihi tun 1952.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin teloli da masu unguwanni su tattara tsofaffin kekuna, a rubuta lambarsu da sunan waɗanda suka taka su. Kai ma mai karatu, in akwai ɗaya a ɗakin kakarka, goge shi, sa masa mai, kada ka bari a kai shi sikeli.