H. E. Marshall da Iyakar da ke Tsakanin Tarihi da Almara

Wannan maƙala za ta waiwayi rayuwa da ayyukan Henrietta Elizabeth Marshall, marubuciyar tarihi domin yara a ƙasar Birtaniya, musamman yadda ta cuɗanya tarihi da almara a cikin rubutunta.

An haife ta a garin Bo'ness na Sikotilan a shekarar 1867, ta kuma rasu a Landan a 1941. Daga 1901 zuwa 1904 ita ce mai kula da Queen Margaret Hall, masaukin ɗalibai mata a birnin Gilasgo. A bangon littattafanta H. E. Marshall kawai take sawa, ta yadda mai karatu ba zai gane mace ce ba.

Littafin da ya fito da ita shi ne Our Island Story, wanda aka buga a 1905. Ya faro ne da hikayar Albion ɗan Neptune, abin bautar teku a wajen Rumawa, ya bi ta kan Sarki Arthur, har ya dire a zamanin Sarauniya Victoria. Labarin da ke cewa Sarki Alfred ya bar wainar wata mata ta ƙone, har ta yi masa faɗa, yana nan a jere da yaƙin Hastings na 1066. Marubuciyar ba ta ɓoye wannan ba, domin tun a gabatarwa ta nuna cewa littafin labarai ta rubuta, ba darasin makaranta ba. Sai dai kuma yaro ɗan shekara takwas ba ya tsayawa karanta gabatarwa. Murya ɗaya ce ke ba shi labarin Albion da na Hastings, da salo ɗaya, saboda haka yakan haɗiye su gaba ɗaya.

A nan akwai abin lura ga masanin harshe. Kalmomin Ingilishi biyu, story da history, tushensu ɗaya ne, wato historia ta Girkanci. Bahaushe kuwa ya tanadar wa tatsuniya mabuɗinta da marufinta, waɗanda ke sanar da mai sauraro cewa ƙirƙira ce. Zubin Marshall ba shi da irin wannan shinge.

Lamarin ya fi nauyi a Our Empire Story (1908), inda ta bayar da labarin Kanada, Ostareliya, New Zealand, Afirka ta Kudu da Indiya. Mutanen waɗannan ƙasashe galibi sukan shigo labari ne a lokacin da Bature ya iso gare su. Sauran ayyukanta sun haɗa da Scotland's Story (1906) da This Country of Ours (1917), kan tarihin Amurka.

A 2005 cibiyar Civitas ta sa aka sake buga Our Island Story, da nufin raba shi ga makarantun firamare. A 2010 kuma Firayim Minista David Cameron ya bayyana shi a matsayin littafin da ya fi so a ƙuruciyarsa, a daidai lokacin da ake ja-in-ja a Ingila kan irin tarihin da ya dace a koyar wa yara.