Injin Challawa da jiragen nukiliya: wa ake ba ilimi, wa ake sayar wa kaya?

1/ Jama'a, zaren yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Kan jiragen yaƙin ƙarƙashin teku masu aiki da nukiliya ne. Na san wani zai ce Kano ko teku ba mu da shi, me ya haɗa mu da su? Ku biyo ni, daga Challawa zan fara.

2/ Bara na yi aikin koyon sana'a na wata shida a wata masana'anta a Challawa, kamar yadda ake tura mu ɗaliban injiniya. Wata rana babban injin ya tsaya cak. Wani ɗan allon lantarki ne ya ƙone, bai fi tafin hannu ba. Ogana ya shekara fiye da ashirin kan injin nan, da jin ƙararsa yake gane ciwonsa, amma ba shi da lambar buɗe manhajar. Kamfanin da ya ƙera shi a ƙasar waje ne kaɗai ke da ita.

3/ Sati uku muna jiran kaya da mai gyara. Leburori masu karɓar kuɗin yini aka ce su zauna a gida. Wani dattijo a cikinsu ya ce min, "Ɗana, ku da kuke karatun, ba ku iya ba ne?" Wallahi na rasa amsa. Tambayarsa ce ta sa na shiga karanta tarihin yadda ƙasashe ke ba juna fasaha, har na faɗa kan wadda aka fi ɓoyewa a duniya.

4/ Jirgin ƙarƙashin ruwa mai dizal dole ya riƙa tasowa kusa da sama ya sha iska ya caja batir. Mai tukunyar nukiliya kuwa ba ya buƙatar iska: zafin yuraniyom ke dafa ruwa, tururi ya juya farfela. Zai yi watanni a ƙasa, abincin ma'aikata ne kawai zai dawo da shi. Amurka ce ta fara, da jirgin Nautilus da ya fara tafiya a 1955, ƙarƙashin Admiral Hyman Rickover.

5/ Birtaniya ta taya Amurka aikin bam a Yaƙin Duniya na Biyu. Duk da haka a 1946 majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana ba kowa sirrin nukiliya, har da Birtaniyar. Sai da Turawan Ingila suka ƙera nasu bam a 1952, suka gwada na haidurojin a 1957, sannan aka buɗe musu ƙofa. Ranar 3 ga Yuli 1958 aka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro tsakanin ƙasashen biyu.

6/ A ƙarƙashinta Amurka ta sayar musu da cikakkiyar tukunya ta kamfanin Westinghouse, aka sa a jirgin Dreadnought da ya fara aiki a 1963. Ga inda ya fi ɗaukar hankalina: tare da tukunyar aka ba su zane da horo, kuma Rickover ya tsaya kan cewa kamfanin Rolls-Royce ya ci gaba da kansa. A 1966 jirgin Valiant ya fito da tukunya ƙirar Birtaniya. Har yau Rolls-Royce ke ƙera musu a garin Derby.

7/ Faransa ma ƙawa ce a NATO, amma ba a ba ta tukunyar ba. Ta koma gida ta ƙera tata, jirgin Le Redoutable ya shiga aiki a 1971. Indiya haya ta karɓa daga Tarayyar Sobiyet a 1988, ta mayar bayan shekara uku. Brazil ta ƙulla da Faransa a 2008: za a taya ta gina gangar jirgin, tukunya kuwa ta nemi tata.

8/ Shekara 63 Amurka ba ta sake ba kowa ba, sai 15 ga Satumba 2021 da aka sanar da AUKUS tsakaninta da Birtaniya da Ostireliya. Ostireliya ta soke kwangilar jirage 12 masu dizal da ta ba Faransa. Faransa ta fusata har ta kira jakadunta gida daga Washington da Canberra. A Maris 2023 aka ce Ostireliya za ta sayi aƙalla jirage uku samfurin Virginia, kuma kuɗin shirin zai iya kai dalar Ostireliya biliyan 368.

9/ Amma ku lura da sharaɗin. A rufe ruf za a kawo mata tukunyar, da man da zai ishe ta har jirgin ya tsufa. Ostireliya ta yi alkawarin ba za ta tace yuraniyom ba, ba za ta sarrafa man da aka ƙona ba. Dalili: man jiragen Amurka yuraniyom ne da aka tace fiye da kashi 90 cikin 100, irin wanda ake iya yin bam da shi. Chana ta yi ta ƙorafi a hukumar IAEA kan haka.

10/ Yanzu mu dawo gida. Mutane da yawa ba su san akwai tukunyar nukiliya a Zariya ba. Ƙarama ce ta bincike, a cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙirar Chana, ta fara aiki a 2004. Da irin wancan man mai kashi 90 ta zo. A 2018, da hannun Amurka da Chana da IAEA, aka canza mata mai da mara ƙarfi, aka kwashe tsohon, kusan kilo ɗaya, aka mayar Chana.

11/ Ni ban ce kwashewar laifi ba ce. Da halin tsaron da muke ciki, hankali ya fi kwanciya. Amma ku auna: shekara uku bayan an ɗauke kilo ɗaya daga Zariya don kada ya faɗa hannun ɓata-gari, aka amince a ba wata ƙasa mara makamin nukiliya ninkin-ba-ninkinsa. Dokar ɗaya ce, amana ce ta bambanta.

12/ Mu ma mun taɓa yarjejeniyar tsaro da Birtaniya a 1960. Horon soja da izinin jiragen sama su ratsa ta samaniyarmu ne a ciki. Ɗalibai irinmu suka yi zanga-zanga a Legas, aka soke ta a Janairu 1962. A 2017 kuma muka sa hannu da Rosatom na Rasha kan tashar lantarki ta nukiliya. Har yau janareto ke riƙe da Sharada.

13/ Abin da na fahimta: Birtaniya ta samu ilimin ne saboda ta je teburin da injiniyoyinta da masana'antarta a hannu. Mai abu ake ba abu. Ku zaga Bompai da Sharada ku ga masaƙu da kamfanonin da suka koma ɗakunan ajiyar kayan waje. Wuta da shigo da kaya masu arha sun kashe da yawa, gaskiya ne. Amma ko lokacin da suke aiki, injin muka saya, zanen yana can.

14/ Don haka duk lokacin da kuka ji gwamnati ko ɗan kasuwa ya sa hannu da kamfanin waje, ku tambaya: mutum nawa za a horar? Wa ke riƙe da lambar manhajar? A ina za a ƙera kayan gyara bayan shekara biyar? In babu amsa a takardar, haya muka yi.

15/ Allon da ya ƙone yana wurina, ogana ya ba ni da aka zo jefarwa. Shi nake son yin aikina na shekarar ƙarshe a kai. In akwai wanda ya san gyaran irinsa a Kano ko Zariya, don Allah ya yi min magana ta akwati. Ina son in koma wa dattijon nan da amsa. Allah Ya sa mu dace.