Emmaüs: gidan marasa makwanci da kiran rediyo ya ɗaukaka a Faransa

Ƴan uwa da ke zaune Faransa sun san shagunan Emmaüs, inda ake sayen tufafin gwanjo, kujeru da tukwane da rahusa. To, ga asalinsu.

Mafari

Wani limamin Katolika, Henri Grouès, wanda aka fi sani da Abbé Pierre, shi ya kafa Emmaüs a 1949. Lokacin yana ɗan majalisar dokoki. Ya kama wani tsohon gida a Neuilly-Plaisance, gabas da birnin Paris, ya raɗa masa sunan wani ƙauye da ke cikin Linjila.

Wanda ya fara zama ɗan gidan shi ne Georges, tsohon ɗan kaso da ya yi yunƙurin kashe kansa. Limamin ya ce masa ba shi da abin ba shi, amma ya zo su gina wa wasu makwanci. Nan tsarin ya samo tushe: wanda aka taimaka, shi ma ya taimaki wani. Da kuɗi suka ƙare, sai mazauna gidan suka shiga tsintar tsofaffin kaya a juji da gidajen mutane, su gyara, su sayar, su ci da guminsu.

Sanyin 1954

A farkon 1954 an yi wani mugun sanyi. Aka tsinci gawar wata mata a bakin titi cikin Paris, tana riƙe da takardar da aka kore ta daga gidan haya. Ranar 1 ga Fabrairu, Abbé Pierre ya shiga Radio Luxembourg ya roƙi barguna, tantuna da murhu. Jama'a suka yi ta tururuwa, har aka tara kimanin miliyan 500 na tsohon faran. A 1956 aka yi dokar hana korar ɗan haya lokacin sanyi. Yau hanin yana farawa 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Masu haya can, ku riƙe wannan.

Yaɗuwa

A 1971 aka kafa Emmaüs ta duniya. Yanzu tana da rassa ɗaruruwa a Turai, Amurka, Asiya da Afirka, har da Benin da Burkina Faso. Ko da yake limamin coci ya kafa ta, ba a tambayar mai shiga addininsa.

Tabon da ya fito

Abbé Pierre ya rasu a 2007, ana ganin girmansa. Amma a Yulin 2024 ƙungiyar da kanta ta fitar da rahoton mata da suka zarge shi da lalata da cin zarafi. Ba ta rufe zancen ba, kuma gidauniyar da ke ɗauke da sunansa ta sauya suna a 2025. An sauke hotunansa, amma ƙofofin gidajen suna nan buɗe ga mai neman wurin kwana.