Daga gadin bam zuwa asalin uraniyom

Duk lokacin da maganar uraniyom ɗin Arlit ta taso a fadarmu, gardama ba ta wuce wa ya haƙa, wa ya ci riba. Ni kuwa wata tambaya ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: a ina aka ƙera wannan ƙarfe tun farko? Da na bi sawun amsar, sai na tarar daga yaƙin cacar baka ta faro.

A 1963 Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya suka sa hannu kan daina gwajin bam ɗin nukiliya a sararin sama. Da yake ba yarda tsakaninsu, Amurka ta harba taurarin ɗan Adam masu suna Vela don su yi gadi. Ranar 2 ga Yuli 1967 suka hango walƙiyar hasken gamma, hasken da ido ba ya gani, amma ba ta yi kama da ta bam ba. Sai a 1973 aka bayyana cewa irin wannan walƙiya daga can nesa take zuwa, ba daga duniyarmu ba.

Matsalar ita ce cikin ƴan daƙiƙoƙi take ɗaukewa, kafin a juya madubin hangen nesa ta ɓace. Nan Neil Gehrels, masanin taurari na hukumar NASA, ya shigo. Shi ya jagoranci aikin Swift, madubin da aka harba a Nuwamban 2004, wanda ke juya kansa ya fuskanci fashewa cikin ƙasa da minti 2, ba tare da jiran umarni ba. Zuwa 2015 ya kama fashewa 1,000. Aka ƙara gane cewa masu daɗewa mutuwar manyan taurari ce, gajerun kuma ana zaton karon gawarwakin taurari biyu ne.

Ranar 17 ga Agustan 2017 zato ya tabbata: aka ga irin wannan karo, Swift na cikin shaidu, kuma haskensa ya nuna alamun ƙarafa masu nauyi. Masana na ganin a irin wannan maƙera aka samar da kaso mai yawa na zinariya da uraniyom, tun kafin a yi rana da ƙasa.

Gehrels bai gani ba, ya rasu a Fabrairun wannan shekarar. A 2018 aka sa wa madubin sunansa. Tun daga nan, in aka ambaci Arlit ko zinariyar Jado, sai na ɗaga kai sama.