Motsin Jiki, Atisaye da Ingancin Jiki: Bambancin da Darasin Makaranta ke Tsallakewa

Ɗalibin da ya gama ƙaramar sakandare a Nijeriya ya karanta darasin ilimin motsa jiki da lafiya shekara uku, kuma sau da yawa zai iya jero ma'anonin kalmomin fannin da ka. Amma a tambaye shi ko ɗan ga-ruwan da ke tura baro mai jarkoki tun safe har la'asar yana buƙatar atisaye, sai ya rasa ta cewa. A ganina wannan tambaya ita ce ma'aunin ko an fahimci fannin, domin amsarta tana rataye ne a kan rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa.

A 1985 Carl Caspersen da abokan aikinsa biyu, Kenneth Powell da Gregory Christenson, suka buga maƙalar da har yau ake komawa gare ta kan wannan batu. Motsin jiki, a wurinsu, shi ne duk wani motsi da tsokoki ke yi wanda ke cin makamashi: noma, daka, tafiya kasuwa, share tsakar gida. Atisaye wani yanki ne kawai na motsin jiki, wanda aka tsara, ake maimaitawa, da niyyar gyara jiki ko kiyaye shi. Ingancin jiki kuwa hali ne da mutum yake da shi ko yake samu, kuma ana iya auna shi: juriyar zuciya da huhu, ƙarfin tsoka da juriyarta, laushin gaɓoɓi, da yawan kitse idan an gwada da sauran jiki. Motsin jiki da atisaye abin da mutum yake yi ne, ingancin jiki kuwa sakamako ne. Har hukumar UNESCO, da ta sabunta yarjejeniyarta ta 1978 kan ilimin motsa jiki da wasanni a 2015, sai da ta ƙara motsin jiki a cikin sunan yarjejeniyar, alamar ta yarda cewa wasanni da darasin makaranta ba su tattare batun duka ba.

Wani zai ce ai wannan ƙididdigar malamai ce kawai, gumi dai gumi ne. Yana da hujja mai ƙarfi kuwa. A 1953 Jeremy Morris ya nazarci ma'aikatan bas masu hawa biyu a Landan, ya gano cewa kwandastoci, waɗanda ke yini suna hawa da saukar matakala, ba su kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke yini a zaune. Ba atisaye kwandastocin suke yi ba, aikinsu suke yi. Daga wannan bincike aka soma ɗaukar zama wuri ɗaya a matsayin haɗari ga lafiya, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 tana lissafa kowane irin motsi: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici ga baligi, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, da minti 60 kullum ga yara da matasa masu shekara 5 zuwa 17.

Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba. A shekarun baya-bayan nan masu bincike a Turai, musamman Andreas Holtermann da abokan aikinsa a Denmark, sun nuna cewa aikin ƙarfi na neman abinci ba ya ba zuciya irin ribar da motsin lokacin hutu ke ba ta, wani lokacin ma yana tafiya tare da ƙarin haɗari. Dalilan da suka kawo sun fito ne daga ka'idojin horo kansu. Jiki yana inganta idan an ɗora masa nauyin da ya ɗan wuce abin da ya saba, na ɗan lokaci, sannan a bar shi ya huta ya gina kansa. Aikin lebura yana saɓa wa wannan ta kowane gefe. Tsananinsa bai kai ya faɗaɗa juriyar zuciya ba, tsawonsa kuma ya wuce kima, awa takwas ko goma bugun zuciya yana sama. Ɗaukar kaya masu nauyi da tsayuwa a yanayi ɗaya suna ɗaga jini. Hutun da ya kamata ya biyo baya babu shi, domin gobe ma aiki ne, kuma ba mai aikin ke zaɓar yaushe zai tsaya ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, don ya nuna cewa hutu ginshiƙi ne na horo, kuma shi ne abin da talaka ya fi rasawa.

'Yan kokawa da 'yan dambe sun daɗe da sanin wani ɓangare na wannan a aikace. Da yawansu manoma ne ko mahauta, ƙarfi ba baƙonsu ba ne, amma wanda ke shirin shiga gasar kokawar neman takobi ta Nijar, wadda aka soma a Tawa a 1975, ba ya dogara da noman damina. Yana gudu, yana gwada kamu da abokan horo, yana kula da cinsa da barcinsa. Ka'idar da masana ke kira keɓantar horo ke nan: jiki yana ƙwarewa ne a kan irin abin da aka horar da shi, kuma ƙarfin huɗa ba ya zama saurin ƙafa ko daidaiton tsayuwa a fili da kansa.

Saboda haka amsar tambayar ɗan ga-ruwa ba eh ko a'a ba ce kai tsaye. Motsin jiki yana da shi har ya yi yawa. Ƙarfin hannu da na baya wataƙila ya fi na malamin da ke koyar da darasin. Abin da ba za a sani ba sai an auna shi ne juriyar zuciyarsa da hawan jininsa da lafiyar gaɓoɓinsa, kuma mai yiwuwa abin da ya fi buƙata shi ne hutu, isasshen ruwan sha a lokacin zafi, da koyon ɗaga kaya ba tare da cutar da ƙugu ba. Ma'aikacin ofis da ke zirga-zirga a kan babur buƙatarsa akasin haka ce. Malamin da bai rarrabe waɗannan abubuwa uku ba zai ba su shawara iri ɗaya, ɗayansu kuma zai cutu.

Awon kansa ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Tun 1968 Kenneth Cooper ya fito da gwajin gudun minti 12, inda tazarar da mutum ya ci ke ba da kiyasin yawan iskar oksijin da jikinsa ke iya sarrafawa. Filin makaranta da agogo da igiyar awo sun wadatar. Ina ganin ya kamata kowane aji ya yi wannan gwaji a farkon zango da ƙarshensa, ɗalibai su rubuta tazararsu da bugun zuciyarsu da hannunsu, sannan a nemi kowane ɗaya ya bayyana dalilin da ya sa lambarsa ta hau, ta sauka, ko ta tsaya inda take.