Ƙofar Komawa Aiki a Arewacin Kamaru: Wa Ta Buɗe Wa?

A cikin dokar ƙwadago ta ƙasar Kamaru, wadda aka sa wa hannu ranar 14 ga Agustan 1992, akwai sashe na 40 da ya kamata ya kwantar wa kowane ma'aikaci da hankali. Sashen ya ce idan aka sallami mutum saboda matsin tattalin arziki, ba don wani laifi nasa ba, to har tsawon shekara biyu shi za a fara dubawa in wannan ma'aikata ta tashi sake ɗaukar mutane, muddin ƙwarewarsa ta kai ta sauran masu nema. A takarda kam an yi adalci. Sai dai mai karatu ya riƙe shekarar da aka yi dokar, domin a daidai lokacin ne ake rufe ma'aikatun da za a koma ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Kafin mu kai can, sai mun san abin da aikin gwamnati yake nufi a arewacin ƙasar. Boko bai shiga yankin da wuri ba kamar yadda ya shiga kudu. Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, wanda ya riƙe ƙasar daga samun 'yanci a 1960 zuwa 1982, ya bar arewa a dunƙule a matsayin lardi guda mai hedikwata a garinsu, kuma ya yi amfani da tsarin raba gurabe tsakanin yankuna ya shigar da 'yan arewa aikin mulki da soja da jandarma. Waɗanda suka yi karatun ba su da yawa, saboda haka albashin mutum guda kan ɗauki gida uku ko huɗu: kuɗin makarantar ƙanne, maganin tsohuwa, ragon layya, har gudummawar aure. A ƙauyen bakin iyaka irin Kolofata, cikin gundumar Mayo-Sava kusa da Mora, gwamnati ba wani abu ba ce illa malamin makaranta da malamin asibiti da jandarma.

Iska biyu ce ta kaɗa wannan rumfa, ta siyasa da ta tattalin arziki.

Ta siyasar ta fara ne bayan Ahijo ya miƙa wa Paul Biya mulki a Nuwamban 1982, sannan suka ɓata. A Agustan 1983 aka sauke firayim minista Bello Buba Maigari, aka kuma datsa lardin arewa gida uku: Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa. Ranar 6 ga Afrilun 1984 wasu dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa, akasarinsu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde, bai yi nasara ba. Abin da ya biyo baya ya wuce sojojin da suka ɗauki bindiga. An harbe wasu bayan shari'ar kotun soja, cikinsu har da Isa Adum, shugaban asusun raya karkara na FONADER. An tsare wasu shekara da shekaru. Dakole Daisala, shugaban kamfanin bas-bas na gwamnati, SOTUC, ya yi shekara bakwai a ɗaure. Isa Chiroma Bakari, injiniyan jirgin ƙasa ɗan Garwa, ya yi kimanin shida. Bello Buba kuwa ya yi gudun hijira zuwa Nijeriya. Da ɗaurin ya zo, aiki ya tafi, albashi ya tsaya.

Waɗannan su ne aka fara buɗe wa ƙofar komawa, kuma matsin lamba ne ya buɗe ta. A 1991 ƙasar ta rikice da yajin zaman gida na neman sauyi, wanda ya yi ƙarfi a Duwala da biranen arewa. A watan Afrilun shekarar aka yi dokar afuwa ga masu laifin siyasa, wadda ta tanadi mayar da su bakin aikinsu da mayar musu da dukiyar da aka ƙwace. To, dubi yadda ta kaya. A zaɓen majalisa na Maris 1992 jam'iyyar Biya ta samu kujeru 88 cikin 180, ba su kai rinjaye ba. Jam'iyyar MDR ta Dakole Daisala tana da kujeru 6, su ne suka cike giɓin, sai ga tsohon fursuna ya zama ministan gidan waya da sadarwa. Kafin ƙarshen shekarar Isa Chiroma ya zama ministan sufuri. Bello Buba ma ya shiga gwamnati a ƙarshen 1997. A ganina waɗannan ba afuwa ce ta mayar da su ba, ƙuri'un da ke bayansu ne. Ƙananan sojoji da ma'aikatan da ba su da jam'iyya sun daɗe suna kai koke cewa tasu afuwar ta tsaya a takarda.

Iska ta biyu ta fi faɗi, kuma ba ta tambayi yankin kowa ba. Farashin man fetur ya faɗi a 1986, na koko da kofi da auduga ma suka bi sahu. Gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu da kanta a 1987, amma a 1988 sai da ta je ga Asusun Lamuni na Duniya, wato IMF, shekara ta gaba kuma Bankin Duniya. 'Yan Nijeriya da suka ga zamanin SAP na Babangida ba sa bukatar dogon bayani: a dakatar da ɗaukar aiki, a rage ma'aikata, a sayar da kamfanonin gwamnati ko a rufe su. Haka aka rufe FONADER, aka rufe hukumar sayen amfanin gona ta ONCPB, daga baya SOTUC ma ta bi su. Kamfanin shinkafa na SEMRY a Yagwa ya tsira amma an rage masa fiffike. SODECOTON na auduga da ke Garwa yana cikin 'yan ƙalilan da suka tsaya da ƙafafunsu. Waɗanda aka sallama har suna aka laƙaba musu da Faransanci, "deflate", kamar a ce tayar da aka sace wa iska.

Waɗanda suka tsira da kujerunsu ma ba su sha ba. An zaftare albashi sau biyu a 1993, a Janairu da Nuwamba, aka ƙyale masu kaki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100.

A nan ne alkawarin sashe na 40 ya zama ihu bayan hari. Fifikon da ya bayar na komawa "wannan ma'aikata" ne, to ina za ka koma in an sayar da teburin an kulle ƙofa? Cikakkun ma'aikatan gwamnati kuma dokar ƙwadago ba ta ma shafe su ba, suna da tasu ƙa'idar daban. 'Yan kwantiragi da ta shafa kuwa, shekara biyun ta ƙare musu alhali gwamnati ba ta ɗaukar kowa. Abin da aka tanada a zahiri shi ne Asusun Samar da Aiki na Ƙasa, FNE, wanda aka kafa a 1990 don ya koya wa mutum sana'a, ya haɗa shi da mai neman ma'aikaci, ko ya ba shi ɗan jari. Wato hanya ce ta fita daga gwamnati cikin lalama, ba ta komawa ba. Tsofaffin ma'aikatan kamfanonin da aka rufe sun yi shekaru suna zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Yawunde, ba aiki suke nema ba, haƙƙinsu na sallama kawai.

Inda gwamnati ta dawo da gaske tana neman mutane shi ne aikin koyarwa, kuma nan ne labarin ya fi shafar karkarar arewa. A farkon shekarun 1990 an rufe makarantun horar da malaman firamare, ba a sake buɗe su ba sai tsakiyar shekarun. Yara kuwa ba su daina zuwa duniya ba. Iyaye suka riƙa haɗa kuɗi suna ɗaukar duk wanda ya ɗan yi karatu ya riƙe aji, ana ce da shi malamin iyaye. Wannan nauyi ya fi danne yankin da ya fi talauci. Da aka sake yaye malamai, sai gwamnati ta ɗauke su a matsayin na wucin gadi, da albashi ƙarami wanda ba ya zuwa a kan kari. Suka karɓa, da babu gara ba daɗi.

Sauƙi bai zo ba sai da aka yafe wa Kamaru kaso mai yawa na bashinta a Afrilun 2006. Da kuɗin da aka samu, da tallafin Faransa da Bankin Duniya, aka yi shirin mayar da malamai 'yan kwantiragi daga 2007 zuwa 2011, wanda aka tsara zai ɗauki mutum 37,200. Wannan ne abu mafi kusa da fifikon gaske da aka yi: an fara da na wucin gadi, aka shigo da malaman iyaye masu takardar koyarwa, aka kuma ce za a fi karkata ga yankunan da aka bari a baya a ilimi, wato jihohin arewa uku da ta Gabas. Amma a lura da abu biyu. Kwantiragi ne, albashinsa bai kai na cikakken ma'aikaci ba. Sannan akasarin waɗanda suka shiga ƙanne ne da 'ya'yan waɗanda aka sallama, su iyayen shekaru sun riga sun tafi da su. Haka ma gurabe 25,000 da Biya ya sanar a Fabrairun 2011, na matasa masu takardu ne.

Kolofata tana da ɗa a ƙololuwar gwamnati duk tsawon wannan lokaci. Amadu Ali, wanda aka haifa a garin a 1943, yana cikin 'yan arewan da guguwar 1984 ba ta ɗauke ba. Ya daɗe yana riƙe da jandarma, ya zama ministan tsaro a 1997, na shari'a a 2001, mataimakin firayim minista a 2004. Ranar 27 ga Yulin 2014 'yan Boko Haram suka shiga garin, suka sace matarsa da lamidon Kolofata, ba a sako su ba sai Oktoba. A shekarar karatun da ta biyo baya makarantu da dama na bakin iyaka a Mayo-Sava ba su buɗe ba. Malaman da aka sha wahala kafin a samo musu kwantiragi suka nemi canjin wurin aiki, wasu zuwa Mora, wasu Marwa.