Wa'idi da Rahama a Kan Birni Guda: Nazari a Littafin Nahum da na Yunusa

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki tsohuwar mas'alar yadda wa'idin azaba da halaka da ke bakin annabawan Littafi Mai Tsarki zai zauna tare da da'awar cewa Allah mai ƙauna ne, ta auna ta a kan Nineba, babban birnin Assuriya, wanda littattafai biyu suka yi magana a kansa da harshe mabambanci.

Magabata

Shubuhar ba sabuwa ba ce, domin tun a ƙarni na biyu Markiyon, wanda ikilisiyar Roma ta kora a wajen shekara ta 144, ya raba Mahaliccin Tsohon Alkawari da Uban Almasihu ya mai da su alloli biyu, Tartuliyan kuwa ya mayar masa da raddi a littattafai biyar. Wannan husuma ta wuce. Wanda nake jayayya da shi a nan shi ne J. M. P. Smith, wanda a sharhinsa na 1911 ya sanya Nahum a sahun annabawan ƙabilanci masu gajeren hange, bisa hujjar cewa bai tsawata wa Yahuza a kan zunubinta ba kamar yadda Irmiya ya yi, sai murna kawai da faɗuwar maƙiyi. Ra'ayin nan ya yi tasiri ƙwarai a kan mufassiran da suka biyo baya, kuma ina ganin kuskure ne, domin ya yanke wa littafin hukunci alhali bai saurari waɗanda aka rubuta shi dominsu ba. Abraham Heschel, a littafinsa kan annabawa na 1962, ya fi kusa da daidai da ya ɗauki fushin Ubangiji a matsayin alamar cewa zaluncin da ake yi wa bayinsa ya dame shi.

Hanya

An gwama nassin littattafan biyu da na Fitowa 34:6-7, aka kuma duba abin da tarihin Assuriya ya tabbatar.

Abin da aka gano

Nahum ya ambaci rushewar No-amon ta Masar, wadda Assuriyawa suka ci a shekara ta 663 kafin haihuwar Almasihu, yana kuma hangen faɗuwar Nineba, wadda ta auku a 612 a hannun Babilawa da Mediyawa. A tsakanin shekarun nan ne ya yi magana. Masu sauraronsa jikoki ne, wasu ma 'ya'ya, na mutanen da suka ga yaƙin Sennakerib, sarkin Assuriya, na 701, kuma duk wanda ya dubi zane-zanen dutse na cin garin Lakish, waɗanda mai binciken kayan tarihi Layard ya haƙo daga fadar sarkin a Nineba, yanzu suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan, zai ga fursunoni a tsire bisa itace, wasu ana feɗe su, mata da yara kuma ana kora su zuwa bauta, zai kuma tuna cewa sarkin da kansa ya sa aka sassaƙa wannan don ƙawata zaurensa. Ga al'ummar da aka yi wa haka, albishir ɗin cewa mulkin azzalumi yana da ajali shi ne rahama, kuma Ubangijin da zai kalli Lakish bai fusata ba, da wuya marayun garin su kira shi mai ƙauna.

Sai dai hujjar da ta fi ƙarfi a wurina tana cikin nassin kansa. Fitowa 34 ta jera sifofin Ubangiji a gaɓa biyu, ta jinƙai da jinkirin fushi da gafara, da kuma ta ƙin kuɓutar da mai laifi. Nahum, a farkon littafinsa, ya ɗauki jinkirin fushi ya haɗa shi da gaɓar hukunci, ya bar ambaton gafara. Yunusa kuwa, a sura ta huɗu, sa'ad da yake ƙorafi don an yafe wa Nineba, ya ɗauki jinkirin fushin nan ya haɗa shi da jinƙai, ya bar ambaton hukunci. Aƙida ɗaya ce aka raba ta biyu a kan birni ɗaya, kowane littafi yana riƙe da abin da ɗan'uwansa ya ajiye. Ba na jin wannan katari ne, musamman da yake a jerin fassarar Girkanci ta Saba'in Nahum yana bin Yunusa kai tsaye, kuma su biyun duka sun ƙare da tambaya: na Yunusa a kan tausayin mutum fiye da 120,000 da dabbobinsu, na Nahum a kan ko akwai wanda sharrin Assuriya bai taɓa ba. Tambaya ta farko tana kare jahilan cikin ganuwa, ta biyu tana kare waɗanda aka tattake a wajenta, kuma mai karatu bai isa ya amsa ɗaya ya toshe kunne ga ɗayar ba. Ɗalibin Alƙur'ani ma ya san mutanen Annabi Yunus, waɗanda aka yaye wa azaba da suka yi imani. Ƙa'idar kuwa tana a Irmiya 18, inda aka bayyana cewa wa'idi a kan al'umma yana rataye ne da halinta, in ta tuba a janye shi.

Akwai kuma abin da Smith bai lura da shi ba, wanda ya kamata mai wa'azin zamaninmu ya riƙe da hannu biyu: a surori ukun Nahum babu inda aka umurci Yahuza ta zare takobi. Abin da aka ce ta yi shi ne ta kiyaye idodinta, ta cika alwashinta. Sakayya an ɗauke ta daga hannun wanda aka zalunta an miƙa ta ga Allah, wanda shi ne ma'anar da Bulus ya bi a Romawa 12, kuma Miroslav Volf, ɗan Kuroshiya da ya ga yaƙin ƙasarsa, ya gina a kanta a 1996 da ya nuna cewa mutum ba ya iya barin ramuwa sai ya yi yaƙini akwai mai sakayya.

Iyakar binciken

Ba zan musa ba cewa bayanin nan bai share kome da kome ba. Siffanta Nineba a sura ta uku da macen da ake tsiraitawa a bainar jama'a abu ne mai nauyi, kuma sukar da Julia O'Brien ta yi masa tana da hujja, ko da yake ina ganin ta ɗora wa kinaya fiye da abin da za ta ɗauka. Haka nan talakan Nineba da ya halaka a 612 bai zama Sennakerib ba, kuma Nahum bai ce kome a kansa ba. Birni ɗaya aka duba. Kafin a faɗaɗa hukuncin, wajibi ne a gwada shi a kan Edom a littafin Obadiya, inda babu wani Yunusa da zai tsaya mata.